Kwalin da Na Ɗauko Daga Birmingham

Cikin abubuwan da suka same ni a zaman Ingila akwai guda ɗaya da ko tsufa ya ci ƙarfina ba zai fita daga kaina ba, wato sati ukun da na yi ina koya wa 'yata darasin da ni kaina ban san mene ne ba.

Lokacin muna zaune a wani flat a unguwar Rusholme cikin Manchester, ni da maiɗakina da yara uku. Ban daɗe da gama digirina na uku a fannin tarihi ba, ina ɗan koyarwa a uni, wato jami'a, a Salford, kuma in aka ce min "Dakta" har cikin raina nake jin daɗi. Babbar 'yarmu tana da shekara goma sha huɗu, tana shirin shiga shekaru biyun ƙarshe na sakandare, waɗanda ake rubuta jarrabawar GCSE a ƙarshensu. Sai muka lura ta yi sanyi. Ta daina ba da labarin makaranta, kullum da safe cikinta ne ke ciwo, malamanta kuma suka ce ko an tambaye ta ba ta buɗe baki a aji. Na yanke shawara mu cire ta, ta yi karatun a gida. Mamanta ta yarda amma da sharaɗi: in zango ɗaya ya wuce ba mu ga canji ba, yarinya ta koma makaranta.

Na zauna na zana jadawali mai launi huɗu, na manna a jikin firji. Lissafi, Turanci, kimiyya, Larabci, hadda, komai da awarsa. Sai na ga ai 'yar Dakta ba za ta tsaya iya abin da kowa ke yi ba, dole a ƙara mata ilimin mandiƙi, wanda a nan suke kira logic, don ta iya kafa hujja ta kuma gane hujjar banza. Na taɓa ɗanɗana shi a wurin wani malaminmu a Zariya, kwana kaɗan, amma yadda nake maganarsa a gida sai ka rantse ni na rubuta shi. Na shafe kwanaki ina auna littattafai a intanet, wannan ya yi wuya, wancan na yara ne. A ƙarshe maiɗakina ta ce akwai wata Hajiya 'yar Ghana a Birmingham da ta koyar da 'ya'yanta huɗu a gida, sun gama, tana neman wanda za ta ba littattafan.

Ranar Asabar na kama hanya. Hajiya ta tarbe ni da Hausarta ta Kumasi, ta ajiye min shinkafa da wake da shito mai yajin da ya sa na yi ta share hanci. Ta so ta zauna ta nuna min littattafan ɗaya bayan ɗaya, da wanda ake farawa da shi, da wanda ya ba 'ya'yanta wahala. Ni kuwa na cika ta da bayanin jadawalina. Da na tashi tafiya wayarta ta yi ƙara, ta nuna min hanyar fita da hannu ta ce, "Malam, kwalin yana nan bakin ƙofa, ɗauki." Kwalaye biyu ne a wurin. Ɗaya an rubuta LOGIC a jikinsa da manyan baƙaƙe. Ban ko leƙa ba, na sungume shi na sa a but ɗin mota.

Litinin da safe na sa babbar riga, na ce mamanta ma ta zo ta zauna ta ƙaru. Na yi gabatarwa ta kusan minti ashirin kan darajar hankali, sannan na yanke salatif ɗin kwalin. Wayoyi ne a ciki, ja da baƙi da rawaya, da wani farin allo mai ƙananan ramuka, da 'yan ƙwayayen fitila kamar ƙwayar masara, da batura, da littafi ɗaya mai kauri cike da zane-zane kamar taswirar famfo.

Maiɗakina ta leƙa ta ce, "Dakta, wannan ne mandiƙin?"

Yau da nake tunawa, da na ce "na yi kuskure" da magana ta ƙare a nan. Amma rigar da na sa da jawabin da na yi ba su bar ni ba. Na gyara murya na ce, "Shi ne. Na zamani ke nan. Turawa yanzu da hannu suke koyar da shi."

Ta ce, "To, madalla," ta tashi ta shiga kicin. Na ji kamar tana tari a can, ashe ba tari ba ne.

Haka na shiga uku. Kullum a bas ɗin zuwa aiki littafin nan na kan cinyata, ina ƙoƙarin in riga yarinyar da shafi ɗaya. Ban taɓa riga ta ba. In lokacin darasi ya yi sai in ce, "To, nuna min abin da kika gane," in riƙa gyaɗa kai. Sau ɗaya na yi karambanin haɗa waya da kaina, ƙwan fitila ya yi fat ya ƙone. Na ce mata da gangan na yi don ta ga illar gaggawa. Ita kuwa ta manne wa kwalin nan. Yarinyar da sai an ja ta take tashi, yanzu kafin in fito wanka ta baje wayoyi a teburin cin abinci, tana gama lissafi da sauri don ta koma kansu.

A sati na uku wata ma'aikaciyar council, wato ƙaramar hukuma, ta zo duba yadda karatun ke tafiya. Mace ce mai fara'a, ta sha shayi, ta yaba jadawalin firji. Da ta ga wayoyi a tebur sai ta juyo gare ni ta ce in bayyana mata yadda wannan ya shiga darasin logic da na rubuta. Na buɗe baki, na ce abin yana da zurfi, na ce tun zamanin Girkawa, na sake cewa yana da zurfi. Na san in matar nan ta rubuta cewa ban san abin da nake yi ba, sharaɗin maiɗakina ya tabbata.

Sai yarinyar ta jawo allon gabanta. Da Turancinta na 'yan Manchester, wanda ni kaina sai na kasa kunne nake kamawa, ta ce, "Ga makunni biyu. A nan fitila ba ta kamawa sai an danna wannan da wannan, kamar in Mama ta ce za ki fita in kin gama aiki kuma kin gyara ɗaki. A nan kuma ko wanne aka danna ta kama. Duk magana ce ta gaskiya ko ƙarya, fitilar ce kawai ke ba da amsa." Ta danna, fitila ta kama. Ta yi minti goma tana bayani, matar tana tambaya tana amsawa, har da dariya. Mamanta tana tsaye a bakin ƙofa, na ga ta kai gefen mayafi ido.

Bayan baƙuwa ta tafi na zauna na fara hura hanci, ina cewa zaɓen kayan karatu sai wanda ya sani. Maiɗakina ta ajiye faranti ta ce, "Dakta, tun ranar Asabar ɗin, kafin ka iso Manchester, Hajiya ta kira ni. Kwalin mijinta ka ɗauko, wanda yake koyar da lantarki da shi a kwaleji. Na ce su yi haƙuri su bar mana, ina so in ga iya inda za ka kai."

Na juya wurin yarinyar don in sami mai tausaya min. Ta ce, "Abba, ni ma na sani. Sunan kwalejin yana shafin farko."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza wata jar waya a yatsa. Ta ce, "In na faɗa za ka mayar. Kuma shi kaɗai ne abin da nake so a duk jadawalin."

Sai a lokacin na tuna cewa duk kwanakin da na yi ina tsara shekaru biyu na rayuwarta, ko sau ɗaya ban tambaye ta me take so ba.

Asabar ta gaba muka koma Birmingham gaba ɗayanmu. Na ba Alhaji, mijin Hajiya, haƙuri, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zauna da yarinyar suka yi ta haɗa wayoyi har la'asar, ya ce kwalin ya zama nata. Wannan karon na zauna shiru Hajiya ta nuna min littattafan gaske, muka bar yarinyar ta zaɓi biyu da kanta. Muka karanta su tare, ita a gaba ni a baya. Ba ta koma makaranta ba sai da ta rubuta jarrabawarta, kuma yanzu tana uni tana karanta injiniyancin lantarki.

Abin da na koya shi ne, duk iya tsarinka, in yaro kake tsara wa, ka zaunar da shi ka ji ta bakinsa kafin ka ɗauki biro. Kuma in ka yi kuskure a gaban iyalinka ka faɗa da wuri, don yawanci sun riga ka sani, kallonka kawai suke yi.