Zanen da Ba Ya Shiga Ɗaki

Duk mai bin layin kasuwar Daowai a birnin Harbin lokacin sanyi ya san Geng Fulai, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan da ke zama kan 'yar kujera a bakin titi, ya naɗe kansa da riguna kamar ƙunshin kaya, allo a cinya, yana zana gari da fentin ruwa a ranakun da ko kare ba ya yarda ya leƙo waje.

Abin dariyar, mutumin nan a gaban wuta ya ƙarar da ƙarfinsa. Shi ke zuba kwal a tukunyar da ke ɗumama gidajen unguwa, tun yana saurayi har ya yi ritaya. Zanen ma can ya koya, a bayan tsofaffin kwalaye, idan wuta ta kama babu sauran aiki. Maƙwabta suna cewa wutar ce ta dafa masa ƙwaƙwalwa, shi ya sa yanzu yake bin sanyi. Shi dai nasa murmushi.

Fentin ruwa da sanyin Harbin ba sa ga-maciji. Kafin ka kai burushi kan takarda ya sandare. Geng yakan tsiyaya giyar dawa a ruwan don kada ya daskare, abin da ke ƙona ran Pang mai gasa dankali, wanda ke barinsa ya ɗumama yatsu a jikin gangar da yake gasa dankalin a ciki.

"Tsoho Geng, wannan ai mugunta ce," in ji Pang. "Kana shayar da takarda, ga ni tsaye maƙogwaro a bushe."

"Ita in ta sha ba ta cika ni da surutu."

Duk da giyar, fentin kan daskare a kan takarda. In kuwa aka shiga da shi ɗaki mai ɗumi kafin ya bushe, shi ke nan, sai ya narke, sama ta zubo kan gini, gini ya zubo kan titi. Don haka Geng ya samar wa zanensa masauki tsakanin gilasai biyu na tagar ɗakinsu, inda kowa ke ajiye kifi da nama saboda sanyin wurin. Nan yake jingine shi ya bushe a hankali.

Wadda ke fara ganinsa kullum ita ce matarsa, Tong Yulan, tsohuwar kwandastar bas. Mace ce mai murya, wadda a zamaninta in ta kira sunan tasha har na bas ɗin baya sai sun ji. Ba ta taɓa yabon zanensa ba. Yau ta ce gadarsa ta karkace, gobe ta ce mutanensa sun yi kama da buhunan shinkafa. Shi kuwa da wannan kushen yake cin abincin dare, har ya nemi ƙari.

Bana ciwon huhu ya kayar da ita. Da aka sallamo ta daga asibiti, likita ya ce magani ya yi nasa, saura ta ci abinci, ta tashi ta taka ƙasa, in ba haka ba kwanciyar ce za ta cinye ta kafin sanyi ya wuce. Yulan ta ƙi. Ta juya fuska bango, kunun gero ya huce a gefenta. Ba faɗa, ba gori. Shirun nan ya tsorata Geng fiye da tarin da ta yi, tsoro irin wanda bai taɓa ji ba a rayuwarsa.

Sai ya bar ta da 'yarsu da safe, ya ɗauki kujera ya bi hanyar bas ɗin da ta yi aiki a kai, yana zana tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Ya jingine na farko a taga, ba ta waiwayo ba. Na biyu ma haka. Yatsunsa suka tsattsage, gemunsa ya yi fari da ƙanƙara, har Pang ya daina tsokanarsa, ya koma cusa masa dankali mai zafi a aljihu.

Wata rana da yamma, yana cire takalmi, ya yi magana kamar da kansa yake yi.

"Wancan na tashar bakin kogi, na saka ki a ciki."

Yulan ta ce, "A ina?"

"Cikin bas mana. Kina gyangyaɗi a kujerar kwandasta."

Gadon ya yi ƙara. Ta juyo.

"Ni? Uban wa ya taɓa ganin na rintsa a bakin aiki? Miƙo shi nan."

"Bai bushe ba, tsohuwa. In na shigo da shi zai narke."

"To ɗaga shi in gani."

"Hannuna ya ƙage."

Ta harare shi, harara mai rai, ta farko tun dawowarta. Ta yaye bargo. Ta dafa gado, ta dafa tebur, ta kama bayan kujera. Geng ya dunƙule hannu a aljihu don kada ya tare ta.

Ta isa taga ta daɗe tana kallo. Babu mai gyangyaɗi a zanen. Wata budurwa ce cikin shuɗiyar riga, ta leƙo rabin jikinta ta tagar bas, baki a buɗe tana kiran tasha, dusar ƙanƙara na sauka a kanta.

"Maƙaryacin banza," ta ce a hankali. "Wannan ya bushe tun shekaranjiya."

"Ya bushe."

"Ka yi mini baki kamar ƙofar bas." Ta goge ido da bakin riga. "Kuma shagon mai gyaran takalmi ba nan yake ba, yana bayan gidan wanka. Shekara da shekaru kana garin nan, ido kamar na ado. Bari ƙanƙara ta narke, ni zan kai ka da ƙafata in nuna maka."

Geng ya jawo kujerar ya ajiye a bayanta. Ya tsaya riƙe da kujerar har ta zauna.