Ma'aunin da Ya Tsallake Goggo Fadimatu

A shekarar 2005 aka yanka dajin kiwo na bayan Jiwa, aka gina gidaje. Kafin nan, Goggo Fadimatu mai tallar nono ba ta taɓa sayen ruwa ko itace ba, domin rafi da daji sun wadatar da ita.

Daga baya wani ma'aikaci ya zo rubuta mabuƙatan da za a tallafa wa. Da ya ji abin da take kashewa a kan hatsi, ruwa da kananzir, sai ya ce, "Goggo, a ma'auninmu ke ba matalauciya ba ce."

Ta ce, "Ɗana, shanuna nake sayarwa ina saye."

Takardarsa ba ta da gurbin wannan amsa, don haka sunanta bai shiga ba. Yau saniya ɗaya ta rage mata.