Ramuka Uku a Gindin Taga

Ƙarfe bakwai na safe, lokacin da rabin mutanen Invercargill ke bin tagogi da tsohon tawul suna share musu hawaye, Fergus Manihera, mai sana'ar sa gilashin taga, ya riga ya ɗaure gilasai a jikin motarsa. Shayi a gora, naɗin burodi da cuku a takarda, sai guntuwar wayar shinge a aljihun gaba. Shekara arba'in da ɗaya yana haka. Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki, ko shayin sallama ba wanda ya haɗa masa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ni maƙwabciyar Losaline Vaka ce, wadda duk layinmu ke kira Anti Losa. Mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku a gidan haya. Bara a tsakiyar sanyin Yuli, wanda shi ne hunturunmu a nan, tagar falonta mai gilashi ninki biyu ta yi fari fat da gumi. Ta goge ta ciki, ta fita ta goge ta waje, gumin yana nan daram. Sai ga takarda daga kamfanin da ke kula da gidan, wai ta lalata tagogi da tururi, ta tattara ta tashi.

Wakilin kamfanin ya zo da Fergus don ya rubuta shaidar hakan. Ina tsaye a wurin.

"Anti, kun yi yawa a gidan nan," in ji wakilin. "Kullum tukunya na kan wuta, yau ganyen gwaza, gobe ganyen gwaza, ga shanya a falo. Mutanenku ba su iya buɗe taga ba."

Mutanenku fa ya ce. Anti Losa ta sunkuyar da kai tana ba shi haƙuri, kuma wannan haƙurin ne ya fi ƙona mini rai.

Fergus ya ajiye gorarsa. "Samari, ara mini yatsanka. Shafa nan. Ya jiƙe?"

"A'a."

"Fita ka shafa ta waje."

Ya fita, ya shafa, ya dawo da busasshen yatsa.

"To tukunyar Anti aljana ce, da za ta ratsa gilashi ta zauna a tsakiya?"

Ya yi masa bayani kamar mai koyar da ɗan aji ɗaya. Gumin da ke ta ciki na numfashi ne da girki, na waje kuma raɓa ce. Amma tsakanin gilasan biyu busasshiyar iska aka rufe da danƙo, kuma laima ba ta shiga sai danƙon ya mutu. Abin da ya fi kashe shi kuwa kwana cikin ruwa ne.

Daga nan ya ja mu waje, ya durƙusa a gindin tagar, ya zaro wayar nan ya soka cikin fenti. Ashe akwai 'yan ramuka uku da ruwan sama ke fita ta cikinsu, an liƙe su tas. Wani baƙin ruwa ya tsiyayo a kan takalmin wakilin.

"Wa ya sa aka yi fentin nan?"

Kowa a layin ya san kamfanin ne, da aka yi musu aikin araha a yini ɗaya.

Wakilin ya ja shi gefe, amma kunnena ƙalau yake. "Baba Fergus, rubuta sakacin ɗan haya kawai a wuce wurin. Ko ba ka son aikin gidajenmu saba'in?"

"Ina so mana," in ji Fergus. "Amma wayar nan ba ta iya ƙarya ba, ni kuma a wurinta na koyi aiki."

Abin da ya gani shi ya rubuta, dole aka janye takardar. Ya auna, ya kawo sabon gilashi, ya ɗora shi a kan 'yan dakalan roba don kada gindinsa ya sake taɓa ruwa. Daga wannan watan kamfanin bai ƙara kiransa ba, wasu kamfanoni biyu ma suka bi sahu. In ka tambaye shi dalilin ajiye aiki, sai ya ce kafaɗa ce ta gaji.

Fergus, ba kafaɗa ba ce, kuma mun sani. Kai ne wanda aka ɗauko don ya kori tsohuwa, ya ɓuge da durƙusawa a gindin tagarta. An cuce ka, a gari irin namu da kowa ke cika baki da adalci a wurin shan shayi. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara.

Ku masu sana'a, ran da aka miƙo muku alƙalami don a shafa wa mai ƙaramin ƙarfi laifi, ku fara durƙusawa ku duba. Ku kuma sauran, ku fita yau ku leƙa gindin tagoginku.

Ran Juma'ar, da ya gama aikinsa na ƙarshe, ya biyo ta layinmu don ya bar wa Anti Losa wayar. Tun daga kwanar layin ta hango motarsa ta cikin gilashin falo. Kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa, ta riga ta ɗora masa tukunyar da aka yi wa sharri.