Dala Iri Uku

Kowa ya ɗauka teku nake tsoro. Kawuna, wanda ke jiran fasinja da motarsa a filin jirgin sama na JFK, har dariya ya yi mini a waya, wai jirgin ruwan da Inna za ta shiga ya fi unguwarmu ta Maraɗi girma, ba zai nutse ba. Ina ruwana da girmansa? Dala ce ta hana ni sukuni.

Inna aikin kula da wata tsohuwar Baturiya take yi: wanka, magani, tura keken guragu. Da aikin nan muke riƙe ɗakinmu a unguwar Harlem, nan Amirka. 'Yar tsohuwar ce ta shirya wa uwarta yawon shan iska a jirgin ruwa zuwa tsibirai, ta ce da Inna za a tafi. A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi, katin banki ake miƙawa. Amma duk tashar da aka tsaya, Inna ce za ta sauka da tsohuwa kasuwa, jakar kuɗi a hannunta. 'Yar kuwa tana da kirki, sai dai tana ƙirga canji. Wadda ta yi aikin kafin Inna, a kan canjin kantin magani aka sallame ta.

To, a gida Nijar sefa ce kuɗinmu, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. In ka ce dala ashirin, ɗari kake nufi. Da wannan lissafin Inna ta girma. Farkon zuwanmu ta tsare wa wani Bakano teburin jakunkuna a Canal Street, ya ce ta sayar dala goma-goma, ita kuwa duk wanda ya taya sai ta ce masa hamsin da Turanci. Ta wuni ba ciniki. Yanzu ta saba da dalar Amirka, amma in ta ruɗe, lissafin gida ke riga fitowa.

Na duba a waya. Tsibiran nan da yawa su ma dala suke kiran kuɗinsu. Ka biya da ta Amirka, a ba ka canji da tasu. Wata daidai take da ta Amirka, wata sai ka haɗa kusan uku.

Na samu Inna tana goge kayan tafiya.

"Inna, ajiye dutsen gugar nan mu gwada. Ni ce mai sayar da hula. Kin ba ni hamsin, na miƙo miki canji dala talatin. Nawa ke hannunki?"

"Ɗari da hamsin," ta ce, sannan ta kama bakinta. "Ke kika ruɗa ni da gaggawar nan taki."

"Can ma gaggawar ce. Jirgi na busa, tsohuwa na ƙorafin rana."

"Ke, tun ba a haife ki ba nake ciniki. Ba wanda ya taɓa cewa na ci masa ko tamma."

"Ba ci nake tsoro ba, Inna. Ki dawo da takardun kuɗi an rubuta dala a jikinsu, 'yar tsohuwar ta duba ta ga ba su kai ba. Me za ki ce mata? Da wane Turancin?"

Ta ci gaba da guga, riga ɗaya ta yi ta bi. Na ce to bari in yi wa matar bayani da kaina.

"Ki je ki ce uwarki ba ta san kuɗi ba? Kada ki kuskura."

Na san muryar nan. Ta gwammace a kore ta da a yi mata kallon wadda ba ta sani ba. Ni kuma na san wahalar da ta sha kafin ta samu aikin nan, kuma albashina na kanti ba zai riƙe mu ba.

Na yanke zan bi Inna wurin aikinta da safe. Ba zan ambaci Maraɗi ba, balle lissafin biyar-biyar. Zan nuna wa matar abin da na gani a waya, in ce ta ba da kati don manyan sayayya, sauran kuma ta canzo su ƙanana, ɗai-ɗai da biyar-biyar na Amirka, yadda Inna za ta biya daidai ba sai an ba ta canji ba. Ita Inna zan ce mata rakiya ce kawai, sai jirgin ƙasan da ke kai ta aiki ya tashi da mu zan gaya mata sauran.