Tafiyarmu Dutse Saboda Haƙoran Malama

Mun bar gida ana kiran assalatu, ni da maiɗakina, wadda duk ƙauyenmu ke kira Malama saboda ta daɗe tana koyar da matan aure karatu a tsakar gidanmu. Bara ta daina. Dasashinta ne ya janye daga haƙoran gaba, ya bar ƙananan ramuka baƙaƙe a gindinsu. Idan tana karatu sai iska ta riƙa bi ta nan tana fito, wani lokaci har da yawu. Ta ce ba za ta biya wa mutane harafi a karkace su haddace shi a karkace ba. Ta naɗe tabarmin makarantar ta jingine.

Ni kuwa na shekara ina cewa ƙyale-ƙyale ne, ina tsohuwa ina gyaran haƙori. Sai da autarmu Habiba, wadda ke aure a Takur cikin Dutse, ta zo ta durƙusa gabana ta ce, "Baffa, ba kyau Inna ke nema ba, karatunta take nema." Maganar nan ce ta tashe ni.

Gujungu zuwa Jahun

'Yan acaɓa biyu suka kai mu Gujungu, muka yi sallah a masallacin tasha, muka shiga ƙaramar mota mai zuwa Jahun. Direban mai surutu ne. Da ya ji asibiti za mu, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Me ke damun Inna?"

Na ce, "Haƙori."

"Cirewa za a yi?"

"A'a, giɓi za a toshe."

Ya yi dariya ya buɗe baki a madubi. "Baba, dubi tawa wushiryar. Ita ta samo min mata, ku kuma za ku biya kuɗi a toshe?"

Malama ta ce masa ta cikin mayafi, "Yaro, taka Allah ne ya ba ka. Tawa ciwo ne ya bar min." Ya mai da idonsa kan titi har Jahun.

Jahun zuwa Dutse

A Jahun muka sauka jiran motar Dutse ta cika. Na sayo koko da ƙosai. Ta sha kokon, ta ƙi ƙosan. Da na matsa mata, ta ce abinci maƙalewa yake a ramukan, ba ta son sakace a gaban mutane. Ta nuna min gutsuren tsinken tsintsiya da take ɗaurewa a bakin mayafinta. Tare muke kwana tare muke tashi, ban taɓa sanin da shi ba sai a tashar Jahun.

Kafin Kiyawa muka tarar da shingen jami'an tsaro, aka leƙa but ɗin mota aka ce mu wuce. Bayan Shuwarin duwatsun Dutse suka fara bayyana, da itatuwan dabino a gindinsu. Da hantsi muka shiga gari. Habiba na jiranmu a tasha, ta tsayar da a-daidaita-sahu ya kai mu wani asibitin haƙori mai zaman kansa.

A ɗakin likita

Likitar mace ce, ba za ta girmi Habiba ba. Ta kwantar da Malama a kujera, ta duba, ta ɗauki hoton haƙoran, sannan ta tambaya, "Hajiya, yaushe dasashin ya fara jini?"

"Tun ina goyon wannan," ta nuna Habiba.

"Me kika yi masa?"

"An ce min mugun jini ne. In dirje da gishiri da garin bagaruwa har ya fita duka."

Ba ta faɗi wanda ya ce ba, ba ta ko kalli inda nake ba. Na ji ba zan iya barin maganar a haka ba. Na ce, "Likita, ni na ce. Ni kuma na sayo mata buroshi mai tauri, na ce mai laushi na yara ne. Sau biyu ta roƙe ni mu je asibitin Jahun, na ce ba a kai jinin baki asibiti."

Sai likitar ta juyo da hoton ta nuna min. Ta ce datti ne ke daskarewa a ƙarƙashin dasashi ya sa shi kumburi da jini, a hankali ya ci ƙashin da ke riƙe da shi. Dirza da ƙarfi ƙara korar naman take yi, tsinke kuma ƙara faɗaɗa ramin. Na tambaye ta ko naman zai dawo. Ta ce, "Baba, gaskiya wanda ya tafi ya tafi. Amma za a iya tsayar da ciwon, a kuma rufe ramukan."

Ta lissafa mana hanyoyin. Akwai ciko mai launin haƙori, wanda ake mannawa a gefen kowane haƙori ya ƙara masa faɗi wajen gindi har ramin ya rufe, ba tare da an taɓa lafiyayyen haƙori ba, sai dai yakan dushe da shekaru a sabunta. Akwai waya da ake ɗaurawa ta matso da haƙoran, amma tana cin watanni, kuma ƙashin Malama ba shi da ƙarfin ɗaukar ta. Ta ce a wasu manyan asibitoci ana yi wa dasashin allura ya ɗan cika, ko a yi masa aiki, amma na allurar ba ya daɗewa, na aikin kuma ba kullum yake kamawa ba. Sai kuma siririn murfi kamar tangaran da ake sa wa fuskar haƙori. Shi ya fi kyau da daɗewa, shi ya fi tsada, kuma sai an ɗan kankare haƙoran kafin a sa.

Nan take na ce murfin za a yi. Na ce ina da sa a garke, zan sayar. Yanzu na gane ba haƙoranta nake dubawa ba, zuciyata nake son in biya.

Malama ta tashi zaune. Ta ce, "Alhaji, bar sanka. Gyara abin da ya lalace daban, kankare mai lafiya daban. Ba na son a rage min komai." Ta juya ga likita. "'Yata, cikon nan zai hana iska fita?"

"Ina sa rai, Hajiya. Amma sai mun wanke ƙarƙashin dasashin ya huce tukuna. Ba a gini a kan ciwo."

Ranar aka yi wankin. Aka ba ta buroshi mai laushi da wasu ƙanana masu shiga tsakanin haƙora, aka karɓe tsinken. Likita ta ce mu dawo bayan mako biyu.

Zaman Takur

Na so in koma gida saboda dabbobi, amma na aika wa ƙanena ya kula da su, na zauna. Mijin Habiba ya ba ni ɗakin baƙi. Ban saba zaman birni ba. Daga masallaci sai benci a ƙofar gida, sai kallon ma'aikata na fita da safe suna dawowa da la'asar. Wata safiya na ga Malama ta wanke baki ta tofar, ta tsaya tana kallon ƙasa. Ta kira ni ta ce, "Zo ka gani." Ba jini. Shekarun Habiba ke nan rabon da ta ga haka.

Ranar ciko

Da muka koma, likita ta ce dasashin ya kwanta, ko da yake ramukan sun ɗan ƙara fitowa tunda kumburin ya sauka. Na tambaye ta ko matsala ce, ta ce haka ake so. Ta zaɓi launi daidai da haƙoran, ba fari fat ba. Ta fara sa cikon ba ta busar ba, ta miƙa wa Malama madubi.

Malama ta mayar mata da madubin. Ta gyara zama, ta yi bisimilla, ta ɗauko ƙaramar surar nan da ake fara biya wa yara, mai yawan harafin sin. Ta kai ƙarshe ta tsaya. Ta ce, "Na hagu akwai saura." Likita ta ƙara kaɗan. Ta sake karantawa a hankali, sannan da ƙarfi, irin yadda take ɗaga murya don na bayan sahu su ji. Ba fito. Ma'aikaciyar da ke riƙe da fitila ta ce "Masha Allah." Ni fita na yi waje na tsaya jikin bango, don kada yara su ga idona.

Kafin azahar aka busar da cikon aka goge shi. Likita ta gargaɗe ta kan goro da cizon abu mai tauri da haƙoran gaba, ta ce a riƙa zuwa wanki lokaci-lokaci, in ba haka ba ciwon zai dawo ta ƙarƙashin cikon.

Komawa

Washegari muka kamo hanya. A Kiyawa taya ta yi faci, muka zauna ƙarƙashin bishiyar maina har aka liƙe. A wurin na ce mata, "Malama, ki yafe min." Ta ce, "Na daɗe da yafewa. Abin da ka sani ka faɗa. Sauraro ne ba ka yi ba."

Bayan la'asar muka isa gida. Mata suka cika tsakar gida da sannu da zuwa. Kafin ta cire mayafi ta ce musu, "Ranar Asabar kowa ta zo da allonta."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa likitar nan, da Habiba da mijinta, da ƙanena da ya riƙe min garke. Ku kuma magidanta, ina roƙonku abu ɗaya. Idan iyalinku ta ce bakinta na jini, ku tashi ku kai ta tun naman yana nan. Mu ciko muka samu, kuma mun gode. Dasashin Malama kuwa ni na sa ta dirje shi da hannunta, kuma babu likitan da zai dawo mata da shi.