Ranar da Wutsiya Bai Iso Ba

Kawu mai gyaran agogo ne. Shagonsa na jingine da nawa na aski, ɗan ƙuƙumi ne da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Ba kawuna na jini ba ne, duk layin ne ke kiransa haka. Sanyin jikinsa har haushi yake ba ni. Sai ya maƙala gilashin nan na masu gyaran agogo a ido, ya shafe rabin yini a kan ƙusar da ba ta kai kan allura ba.

A ƙungiyarmu ta masu keke kuwa Wutsiya muke ce masa, don shi ke zuwa ƙarshe. Ba gazawa ba ce, aikinsa ke nan. Ba ya wuce kowa. Wanda tayarsa ta sace, wanda jijiya ta ɗaure wa ƙafa, Kawu zai tsaya a kansa, usur a wuya, jakar kayan gyara a bayan sirdi. Shi ya sa ba ma ƙirga kanmu in mun yada zango. Da an hango jar hularsa, an san kowa ya iso.

Da muka shirya ratsa ƙasar daga wannan iyaka zuwa waccan, matarsa, Gwaggo, ta same ni ina tsakiyar aski. Ta ce, "Ɗana, ga kawunka nan. Shi yana duba kowa, shi ba mai duba shi." Na ce, "Haba Gwaggo, wannan da ya fi mu ƙashi?" Ba ta yi dariya ba.

Tafiya ta yi nisa, wata rana da hantsi muka sauko wani dogon gangare mai kwana-kwana, manyan motoci na wuce mu, iskarsu na neman fizge mu daga kan sirdi. A ƙasa akwai gidan mai, muka zube a inuwa muna shan ruwa. Kawu bai iso ba, kuma ba wanda ya damu. Tela, sarkin surutu, ya ce, "Ƙila agogo ya tsinta a hanya, ya tsaya yi masa allura." Aka kwashe da dariya. Shugabanmu ya ce ai wani ne ya yi faci.

Wata nas da ke cikinmu ce ta ajiye gorar ruwanta ta ce, "Wa ya yi facin?"

Muka dubi juna. Ga Tela, ga Dogo, ga mai walda da ƙaninsa, kowa na nan. In kowa na nan, a kan wa Kawu ya tsaya?

Na kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. Muka juya kekunanmu. Gangaren da muka sauko muna ihun murna ya zama hawa. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Duk tsumman da na hango a gefen titi sai in ɗauka shi ne. Ina ƙwala kiran "Kawu!" ƙarar motoci na haɗiye muryata. Ba abin da nake gani sai kaina tsaye a ƙofar Gwaggo, riƙe da jar hula.

A wata kwana nas ɗin ta daka mana tsawa, "Ku yi shiru mana!" Da mota ta wuce, sai muka ji usur can ƙasa, siriri kamar kukan ɗan tsako.

Yana kwance cikin kwazazzabo tsakanin duwatsu, keken a lanƙwashe a gefensa, ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Iskar tirela ce ta jefa shi. Usur ɗin na tsakanin haƙoransa, leɓɓansa sun tsage don busa. Tun da ya faɗi yake kiranmu, mu kuwa muna can muna masa ba'a.

Na cire masa usur ɗin daga baki. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Kowa ya isa?"

Na ce, "Kowa ya isa, Kawu, kai ne ba ka isa ba!" Faɗa na yi niyyar yi masa, kuka ya ƙwace mini.

Ƙafar ta warke, ta bar masa ɗingishi. Ya koma shago, ya koma kan keke, kuma ya rantse ba mai karɓe masa wutsiya. Ni dai yanzu a bayansa nake tafiya. Ya yi mita, ya yi zagi, na ƙi wucewa. Rannan muna hawan wani tudu ya waiwayo yana haki ya ce, "To na ji, ɗan nema. Kai kuma wa ke bayanka?"

Na waiwaya. Titi ne kawai, ba kowa.