Takardar Mutumin Maraɗi

A shekarata ta biyu a Riyadh, ina karatun hadisi, aka haɗa ni ɗaki da wani Ba'amurke baƙar fata. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don sai da ya fara furfura ya musulunta. Da Larabci muke hira.

Wata Juma'a bayan an sauko na kai shi unguwar Al-Oud cin tuwo wurin mutanen Nijar. Muna cikin ci sai wani mutumin Maraɗi, mai sharar ofisoshi a unguwar Ulaya, ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Malam, tsohuwata ce ba lafiya, an ce in taho. Kafil ɗina, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya riƙe fasfona, ko saurarata ba ya yi. Don Allah ka rubuta mini takarda da Larabci mai kyau, ko ka raka ni wurinsa."

Iƙamata na tuna, takardar izinin zamana a ƙasar, da gurbin karatuna, kada in rasa su a kan rikicin wani. Na ce ya yi haƙuri, ya yawaita addu'a, har na jawo masa hadisi a kan ladan masu haƙuri. Ya yi godiya ya tashi.

Abokina ya tambayi abin da mutumin yake so, na gaya masa. Ya tsame hannu daga kwano.

Ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, a ƙasarmu, tun zamanin da ake sayar da kakannina a kasuwa, an yi wata farkawa ta addini. Masu wa'azin Kirista suna bin gari-gari, jama'a na taruwa a fili kwana da kwanaki, ana kuka ana tuba. Wasu da suka koma gida suka 'yanta bayinsu, suka buɗe makarantu, suka tashi tsaye a kan shan giya. Wasu kuwa sun fi kowa hawaye a wurin taron, suka koma suka ce wa bayin su yi haƙuri, lada yana lahira."

Raina ya ɓaci. Ni da na taso cikin wa'azin gyaran aƙida a garinmu, muna cika filin makaranta muna ganin mu za mu gyara al'umma, ni za a kawo wa misali da Nasara? Haka muka koma ɗaki.

Kwana huɗu maganar tana cina kafin na zauna na rubuta takardar. Na kai ta Al-Oud da la'asar. Mai tuwon ya ce kafil ɗin ya mayar da mutumin wata gona can bayan gari, kuma tun ranar Lahadi labarin rasuwar tsohuwar ya iso.

Na bar masa takardar ko Allah zai sa mai ita ya leƙo. Ya juya ta, ya nuna mini wurin da na bari babu rubutu, ya ce me za a sa a nan. Na ce sunan mutumin. Ranar da ya tsuguna kusa da ni ban ko tambaye shi ba.